Wuƙar Babana da Ƙwayar Gero

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina yanka a kwatar Dakoro, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa ɗaga wuƙa daga wuyan dabba ba sai na gama. Wanda ba mahauci ba zai ce, to sai mi? Bari in gaya maka. A wurinmu yanka jan hannu ɗaya ne. Ka ɗora wuƙa, ka ambaci sunan Allah, ka raba maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ba tare da ka ɗaga hannu ba. In ka ɗaga, ka ɓata lokaci, sannan ka dawo, malamai sun ce nama ya zama mushe, sai dai angulu. Haka babana ya koya mani, kuma ba da baki kaɗai ya koya mani ba. Har yau akwai tabon igiyar da ya zabga mani a ƙeya ranar da na yi wa wata akuya yankan tsoro. Da ya rasu, wuƙarshi ce gadona, mai ƙotar ƙaho, ta sha washi har ta rame.

Ni da ƙanena muke aikin, shekara biyu na ba shi. Ni ke riƙe wuƙa, shi ke riƙe kai. In an kada sa, an ɗaure ƙafafu, an fuskantar da shi gabas, shi zai murɗe kan, ya kafa ƙaho ɗaya a ƙasa, ya danne haɓa har wuya ya miƙe. Cinyoyinshi da cikinshi suna nan dab da ƙaho. Ba abin da ke kare shi sai saurin hannuna. In na ja yadda ya kamata, ƙarfin sa ya zube kafin ya san abin da ake ciki. Bai taɓa ce mani yana tsoro ba, ni ma ban taɓa tambayar shi ba.

Hannun dama ne ya ci amanata. Babban yatsa, manuni da na tsakiya, su ukkun nan suka riƙa mutuwa. In na tashi da asuba sai na yi ta yarfe hannu kamar wanda kunama ta harba kafin su farfaɗo. Wani lokaci zafi ya taso daga wuyan hannu ya harba har gwiwar hannu. Na buga shi da bango, wallahi na buga, ba sau ɗaya ba, har fatar gaɓoɓi ta sale. Wanzami ya yi mani ƙaho, ya zuƙe baƙin jini, a banza. Wani Bafillace abokin cinikina daga wajen Azagor ya ce shi ya san magani, irin wanda suke yi wa shanu. Ya sa ƙarfe a wuta har ya yi ja, ƙarti biyu suka danne ni, ya ɗora mani a wuyan hannu. Na ji ƙaurin namana da hancina, na zagi duk wanda ke wurin har da kakanninshi. Wata guda gyambon yana ruwa, yatsu kuma suna nan yadda suke.

Duk wannan na daure, ina yanka, don a lokacin ƙarfin riƙo bai gudu ba. Abin da ya karya ni shi ne mazagin wando. Wata rana na fito daga bayi na kasa ɗaure shi. Na yi, na yi, yatsu sun ƙi kama igiyar. Daga ranar uwar ɗiyana ke ɗaure mani, ƙofa a rufe, ita tana kallon ƙasa ni ina kallon rufin ɗaki. Ƙato kamar ni, mai kada bajimi! Tudun naman da ke gindin babban yatsana kuma ya lotsa, ya zama rami. Uwar ɗiyana ce ta ce, "Malam, ko ka tafi asibitin Maradi da ƙafarka, ko in tara maka ƴan'uwanka in faɗa masu komi." Na tafi.

Matsalar ita ce wa zai raka ni. An ce lokotoron, wato likitar da ke aikin hannu, baƙuwa ce, ba ta jin Hausa sai gaisuwa, ni kuwa Faransancina bai wuce na ƙirga kuɗi ba. A gidanmu mai Faransanci ɗaya ne, mijin ɗiyata ta fari, malamin lakwal, wato makarantar boko. Yaro ne mai ladabi, har ladabin ya yi yawa. Tun da ya auri ɗiyata ban taɓa cin ko goro a gabanshi ba, shi ma bai taɓa kallon tsakiyar idona ba. In muka haɗu a hanya sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Ko a motar Maradi, ni ina gaba, shi ya tafi can ƙarshen baya ya maƙale.

Lokotoron doguwa ce, ba ta da wasa. Ta juya hannuna, ta ga tabon ƙarfe, ta yi wata magana da ba sai an fassara mani ba. Sannan ta jawo takarda da bik na rubutu. Surukina ya ce tambayoyi ne, kowace zan amsa daga ɗaya zuwa biyar. Ɗaya, ba komi. Biyar, abin ya gagara. Da wannan takardar za ta auna ni yanzu, ta kuma auna ni bayan aiki, ta ga ko an samu ci gaba.

Ta fara. Ta yi magana doguwa, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, wai hannun yana hana ka barci?"

Hannun da ke tashe ni sau biyar kafin asuba. Amma in ce wa mijin ɗiyata ina kwana ina juyi? Na ce, "Da sauƙi."

Ya ce, "Ɗaya ko biyu, Baba?"

"Sa biyu."

"Wai kana iya riƙe kofi?"

"Kai, ni da ke riƙe sa?"

Ya sa ɗaya. Haka muka yi ta tafiya. Wani wurin sai in ji ta yi tambaya, shi kuma ya share gumi, ya amsa mata da kanshi ba tare da ya juyo wurina ba. Na gane abin da ke faruwa. Tambayar wanka ce da sa tufafi, bakinshi ya kasa ɗaukar ta zuwa kunnena. Na ji daɗi a raina, na ce yaron nan ɗan halak ne. Ka ji wauta.

Ta duba takarda, ta duba ramin da ke tafin hannuna, ta ɓata fuska. Ta ce takarda ta ce hannun lafiyayye ne, ido kuma ya ce ƙarya ne. Ta sa aka manna mani wayoyi, aka riƙa sakar mani lantarki yatsu suna zabura. Ta ba ni wani ƙarfe mai allura kamar ta sikeli, ta ce in matse. Allurar ta ɗan motsa kawai. Daga nan ta ce jijiya ce ta matse a wuyan hannu, akwai wani tantani mai tauri da ya danne ta, sai an yanke.

Wanzami ba ya son jarfa. Idona biyu aka yi aikin, hannun kawai aka kashe. An sa labule don kada in gani, amma ai kunnena ba a rufe shi ba. Na san ƙarar wuƙa a fata, na san ƙararta a kitse, kuma da ta kai ga tantanin nan na ji ƙaras, irin ƙarar da agara, jijiyar ƙafar sa, ke yi in na raba ta. Na ce a raina, yau ga mahauci a kan tebur.

Ba zan ci amanar matar nan ba, aikinta ya yi. Kwana ukku da aikin na yi barcin da rabona da shi shekara biyu. Zafin ya tafi kamar an ɗauke da hannu. Da wata biyu suka cika na ɗaure mazagina da kaina, a hankali dai, amma da kaina, har uwar ɗiyana ta yi guɗa a tsakar gida maƙwabta suna tambayar ko haihuwa aka yi. Sai dai akwai abu biyu da ban gaya wa kowa ba. Kan babban yatsa da manuni suna nan kamar an sa masu safar fata, in na taɓa abu ban san na taɓa ba sai na duba. Kuma in na riƙe abu da ƙarfi, farko lafiya lau, amma kafin in ja numfashi biyar sai riƙon ya saki da kanshi.

A kwata kuwa, tun da na tafi, sarkin fawa ya ba wani yanka. Mutumin nan yana yanka kamar mai faskare. In na zo na zauna a gindin bango da hannu a naɗe, sai ya ɗaga murya ya ce, "A kawo wa tsoho kujera, ya zo kallo!" Mahauta su kwashe da dariya. Wata rana na jefe shi da ƙashin haƙarƙari da hannun hagu, ya fasa mashi leɓe, sai da aka shiga tsakaninmu. Na ce wa sarkin fawa a maido mani wurina. Ya ce, "Kawo takardar lokotoro, ka karɓi wurinka."

Wata ukku cif muka koma Maradi, ni da surukina. Takardar nan dai, tambayoyin nan dai. Wannan karon ko "sa biyu" ban ce ba, komi ɗaya. Da ta tambayi ko yatsun suna ji, na ce har sun fi na hagu. Ta miƙo ƙarfe mai allura. Na tashi tsaye, na cije haƙora, na zuba duk fushin da ke cikina a matsa ɗaya. Allura ta yi tsalle. Matsa ɗaya ake so, ba wanda ya ce in riƙe. Ta yi murmushi karo na farko, ta rubuta cewa zan iya komawa aiki, ta buga tambari.

Ranar jajiberen kasuwa ƙanena ya same ni ina wasa wuƙa. Ya tsaya a kaina ya ce, "Yaya, jiya na ga kofin shayi ya faɗi daga hannunka, ba ka ko sani ba sai da ya ƙona maka ƙafa."

Na ce, "Ido ne da kai ko baki?"

"Ka fara da awaki. Wata ɗaya kawai."

Awaki! Na miƙe na shaƙe wuyan rigarshi, na haɗa shi da bango. Na zaro takarda na buga mashi a fuska. Na ce, "Ka fi lokotoro sani? In tsoro kake ji ka faɗa, in nemo namiji ya riƙe mani kai." Mutum mai shekara hamsin da wani abu, mai jikoki, na gaya wa haka. Ya gyara rigarshi ya ce, "Sai da safe, Yaya."

Da safe sa na farko jan bajimi ne na Bororo, daga wajen Korahane aka koro shi, ƙahonshi kowane ya kai tsawon hannun mutum. Tun a bakin kwata ya watsar da mutum biyu. Sai da aka zarga mashi igiya a ƙafar baya, aka ja wutsiya, mutum shida suka taru kafin ya faɗi, ƙasa ta girgiza. Aka ɗaure. Ƙanena ya zo ya kama ƙaho, ya murɗe, ya danne haɓa, ya ɗago ido ya dube ni kamar kullum. Duk kwata an tsaya ana kallo, har mai faskaren nan da leɓenshi da bai gama warkewa ba.

Na durƙusa. Na ja fatar wuya da hagu. Na ce Bismillahi, Allahu akbar, na ja.

Wuƙa ta shiga, ta raba fata, ta kama maƙogwaro, jijiya ɗaya ta fashe. Jini mai zafi ya feso ya wanke mani hannu da ƙota. San ya yi wata irin girgiza. Ni kuma na ci gaba da ja, ina ja, ina ja, ina mamakin mi ya sa wuyan ya ƙi rabuwa. Sai na ji ƙanena ya ƙwala ihu, "Yaya, wuƙa! Wuƙa!" Na duba. Hannuna a dunƙule yake, yana kai da komowa a cikin jini, ba komi a ciki. Wuƙar tana can ƙasa ƙarƙashin wuyan san. Ban san lokacin da ta fita ba. Ko kaɗan ban ji ba.

Kafin in lalubo ta, san ya fizge kai. Igiyar ƙafar gaba ta tsinke. Na ga ƙanena ya tashi sama, wallahi sama, ƙaho ya shiga cinyarshi ta ciki ya fito ta baya, san yana girgiza shi kamar tsumma. Ya yar da shi a kan sumunti, ya take shi, ya miƙe da ƙafa ukku yana jan ta huɗu da igiya. Wuyanshi a buɗe, iska tana fita ta ramin maƙogwaro da wani irin fito, jini yana feshi a bango, a kan mutane, a kan naman da aka rataye. Ya bi ta kan tebura, ya kifar da kwanonin mata masu jiran kayan ciki, kowa ya ranta a na kare. Wani ya haye katanga ya faɗo ya karya hannu. Ni ina durƙushe inda nake, na kasa tashi.

Mai faskaren nan, wanda na fasa wa leɓe, shi ya ɗauki gatari ya zagaya bayan san ya sare mashi agara, ɗaya, biyu. San ya zube a kan gindinshi yana kururuwa ba murya. Mahauta suka taru suka danne shi, mai faskaren ya ƙarasa yankan. Amma lokaci ya riga ya wuce. Limamin kwata ya zo ya duba, ya tambayi yadda aka yi, ya girgiza kai. Aka ɗaura wa bajimin nan igiya, jakai suka ja shi bayan gari. Yankana na farko da ya zama mushe ke nan.

Ni ban bi ta kan sa ba. Na rarrafa wurin ƙanena. Cinyar ta buɗe, ina ganin farin ƙashi a karye, jini yana bulbulowa. Na cire rawanina na ɗaure sama da raunin, na zo ƙulli, yatsun nan suka ƙi. Wani ne ya ture ni ya ƙulla. A amalanke muka kai shi asibiti, kanshi a cinyata, yana ta cewa a ba shi ruwa. Daga nan mota ta wuce da shi Maradi.

Mutane suka yi ta zuwa suna cewa tsautsayi ne, ba ya wuce ranarshi. Duk wanda ya faɗa sai in ji kamar in mare shi, don na san ba tsautsayi ba ne. Matar ƙanena kaɗai ta faɗi gaskiya. Ta shigo gidana ba sallama, ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Ya gaya mani tun jiya da magariba hannunka bai warke ba. Na ce kada ya je. Ya ce in bai riƙe maka ba wani zai riƙe, kuma ba zai bari ka ji kunya a gaban mutane ba. To ga shi, ka ƙoshi?" Da ta fita na ɗauki dutsen washi na ɗora hannun a kan turmi na fara dukan shi. Sau ukku na samu kafin uwar ɗiyana ta rungume dutsen tana kuka.

Washegari surukina ya zo. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa a bakin zaure. Ya ce, "Baba, laifina ne. Rabin tambayoyin ban yi maka su ba. Ni na amsa." Na tashi na ɗaga hannu zan kwaɗa mashi mari, shi kuma ya ɗago fuska yana jira. Ranar ce muka fara kallon juna ido cikin ido, shekara tara da auren. Na sauke hannun. Na ce, "Waɗanda ka yi mani fa, gaskiya na gaya maka?" Na ce ya tashi ya tafi gida.

Da na je duba ƙanena a Maradi, na nemi lokotoron ni kaɗai. Wata tsohuwar majo, ma'aikaciyar jinya, Bahausa mai bakin tsiya, ita ta yi mana tafinta. Na kwance masu komi, tun daga mazagi har zuwa wuƙa. Majon ta ce, "Kai dai an yi tsohon banza. Mu nan har tsiraicin sarakuna mun gani, sai naka ne na zinariya?" Lokotoron ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mani sauƙi. Ta fiddo takarduna biyu, ta dube su, ta yage su a gabana. Ta ce da ta san inda na faro da ta san inda na kai. Ta ce kuma ita ma ba ta taɓa tambaya ta abin da nake yi da hannun ba. Ta sa na nuna mata yadda nake riƙe wuƙa, da tsawon lokacin da nake riƙewa, da yadda jini ke jiƙa ƙota. Ta rufe mani ido ta riƙa taɓa yatsuna da tsinke biyu, ni ina jin ɗaya, wani lokaci ba na jin komi. Ta ce jijiyar ta daɗe a matse. Barci ya dawo, ƙarfi yana dawowa, wannan samu ne babba. Amma jin kan yatsa a hankali yake tahowa, wataƙila ya iso, wataƙila ya tsaya a hanya. Ta ce in riƙa gwada kaina da ƙananan abubuwa, ido a rufe, kuma in nemi wanda ba zai ji kunyata ba ya riƙa gwada ni.

Ƙanena ya dawo bayan wata biyu da ƙarfe a cinya. Ƙafar ba ta lanƙwasuwa, har gobe haka take. Na je na zauna a zaurenshi, na ba shi labarin abin da lokotoro ta ce. Ya ce, "Ni zan gwada ka." Ya sa aka kawo ƙoƙo huɗu, gyaɗa, wake, dawa da gero. Ya ce, "Ran da ka ji ƙwayar gero a kan yatsan nan, ido a rufe, ko da ƙafa ɗaya zan riƙe maka kai. Kafin nan, in na ji ka taɓa wuyan ko da kaza ce, ni da kai har Lahira."

Kowace Juma'a bayan masallaci nake zuwa. Ya ɗaure mani ido da rawani, ya ɗaure tamau kamar mai ramuwa, in miƙa hannu, ya ɗora ƙwaya a kan babban yatsa, in rufe da manuni in faɗi ko mi ce. Gyaɗa na fara ji, bayan wata biyu. Wake ya ɗauki wata huɗu. Wata Juma'a na gaji, na ce, "Dawa ce." Sai na ji ƙoƙo ya fashe a goshina. Ashe bai ɗora komi ba. Ya ce, "Har yanzu, Yaya? Ƙafa ɗaya ba ta ishe ka ba?" Jini yana bin girata, ban goge ba. Daga baya dawar ma na fara jin ta, yau in ji, gobe in rasa. Gero kuwa shiru.

Haka muka kai Babbar Salla. A gidanmu, tun zamanin babana, babba ke yanka ragunan layya na kowa, a ƙofar gida, kafin a feɗe a tsire su a kewaya wuta. Bara ina jinya, liman ya yanka mana. Bana raguna biyar aka ɗaure, har da na surukina, don ɗiyata ta ce ita dai babanta zai yanka masu. Aka sauko daga idi, maza suka taru, mata suna leƙe ta zana. Na wasa wuƙar babana tun jajibere, tana kube a ƙuguna. Rago ne fa, ba bajimi ba. Ƙarfin hannuna ya dawo, ina riƙe guga cike in ɗauke ta daga rijiya har gida. Na tabbata zan iya.

Ƙanena ya taho yana jan ƙafa, ya tsaya gabana. Ya kwance rawaninshi. Ya ce, "Yaya, miƙo hannun."

A gaban kowa. A gaban surukina, da ke tsaye riƙe da igiyar ragonshi yana kallon ƙasa. Na so in zage shi, zagin ya zo har bakina. Na miƙa hannun.

Ya ɗaure mani ido. Na ji ya kama wuyan hannuna, na ji ya saki. Na haɗa yatsu biyu. Na murza. Na sake murzawa. Na san ƙanena, ranar Salla ba zai yi mani tarkon hannu wofi ba, ya ɗora geron. In na ce na ji, ba mai ƙaryata ni, zai kwanta a kan ragon nan da ƙafarshi ɗaya ya riƙe mani kai, don ya yi alkawari. Na murza karo na ukku, ina roƙon Allah ko da ɗan tsini ne in ji.

Na ce, "Ban ji komi ba." Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, sai na ɗaga ta don surukina ya ji da kyau. "Ban ji komi ba. Yatsun nan ba su ji."

Ya kwance rawanin. Ƙwayar geron tana nan a kan babban yatsana, ta lotsa fata saboda murza. Na daɗe ina kallon ta. Raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa ji ba ko ranar da babana ya rasu, kuma ban ɓoye ba, hawaye suka zubo mani a gaban ƴaƴana da surukina.

Na zare wuƙar daga kube, na juya ta, na miƙa wa ƙanena ta wajen ƙota. Ya ce, "Yaya, ni ban iya durƙuso ba." Na ce ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafar. Aka kada ragon farko aka fuskantar da shi gabas. Na tattare babbar rigata ta Salla, na durƙusa ta wajen ƙaho, inda ya yi shekara talatin yana durƙusawa. Na murɗe kan, na danne haɓa, wuya ya miƙe. Daga nan ƙahon yana taɓa cikina, ban taɓa sanin haka kusa yake ba. Na ɗago ido na dube shi, na ce, "Ja hannu ɗaya, kada ka ɗaga."